Motar Malam Cikin Bazara: Maganar Na'urar Sanyi Da Maɓallan Sitiyari

Duk wanda aiki ya taɓa fitar da shi rangadi a ƙasar Kazaure cikin watan Afrilu, ba sai an gaya masa abin da a ke nufi da bazara ba. Tun da hantsi kwalta ta kan fara tururi, kafin azahar zafi ya haura digiri 40, duwatsun Roni su yi ta mayar wa matafiyi da wutar da suka sha tun safe. Mu da aikin duba makarantu ya ke yawo da mu tsakanin Kazaure, da Roni, da Gwiwa, har mu ɓulla Babura ta ƙasar Ringim, mun ga abin da wannan zafi ya ke yi wa motocin malamai da akawuna, mun kuma ga abin da ya ke yi wa aljihunsu.

Cikin bazarar da ta wuce wani hedimasta ya ɗauke mu a motarsa daga Kazaure zuwa wata makaranta a ƙasar Gwiwa. Mota ce mai kyau, irin waɗanda a ke kawowa daga Amurka bayan sun ɗan sha jiki, amma gilasai duk a sauke, ƙura tana shigowa son ranta. Muka ce, "Malam, ina na'urar sanyin?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, sau uku ke nan ina ɗura mata gas tun ƙarshen ɗari. In an ɗura, sai ta yi mako biyu tana sanyi kamar randa, sa'an nan ta koma hura wuta. Na gaji, na bar ta." Muka nuna masa waɗansu maɓallai da ke jikin sitiyari, muka tambaye shi amfaninsu. Ya yi dariya, ya ce tun da ya sayi motar bai taɓa ganin sun yi kome ba, an ce masa na hanyoyin Turai ne. Da muka iso wani ƙauye awaki suka tare hanya, sai muka ga ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari ya danna wani ɗan maɓalli ja da aka liƙa da salatif, oda ta yi ƙara. Wannan ɗan jan maɓalli ya fi batun gas ɗin tayar mana da hankali, za mu kuwa komo kansa.

A zamanin En'e, malamin da ya sami keke ya gode Allah, gyaransa kuwa bai wuce faci da ɗaurin sarƙa ba. Ko Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, makaniki mai kunne ya kan gane ciwonta daga ƙarar inji. Motocin da malamai su ke saye yanzu, waɗanda jama'a ke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, rabin hankalinsu yana cikin waya ne da kwamfuta. Wanda bai san yadda su ke aiki ba, sai ya yi ta biyan kuɗin gyaran gangar Abzinawa, albashi kuwa sau ɗaya ya ke zuwa a wata.

Daga Randa Zuwa Mota

Kowane ɗan makaranta ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne, ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar da aka gina randar da ita, in ya zo waje ya bi iska, ya tafi da zafin da ke cikin randar. Da wannan hikima ce marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a wannan jiha tamu ta Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, na'urar sanyin mota, wadda direbobi ke kira esi, 'yar uwar randa ce. Bambancinsu guda ne: ruwan da ya bar randa ya tafi ke nan, amma ita esi tana kamo nata ta mayar da shi, ya yi ta zagayawa.

Abin da ke zagayawa ɗin shi a ke kira gas. Wanda ya fi yawa a motocinmu sunansa R-134a, yana kuwa tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, watau a sanyin da ya zarce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Kwamfaresa, wadda inji ke juyawa da bel, ita ke matse shi har ya yi zafi ƙwarai. Daga nan ya shiga kwandensa, wannan faffaɗan abu mai kama da lagireto da ke gabansa, iska ta buge shi, ya saki zafinsa ya zama ruwa. Sai ya ratsa wani ɗan gwangwani da ke shanye laima, ya iso wata 'yar ƙaramar ƙofa mai matsi. Da ya fita ƙofar nan ya sami sarari, sai ya tafasa cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a ƙirjin mota, bayan allon gaba. Tafasar nan ita ke zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa ta wurin, iska ta fito da sanyi, shi kuwa gas ya koma wa kwamfaresa a sake.

Mun tsawaita wannan bayani ne don abu ɗaya da mu ke so ya zauna a zuciyar mai karatu. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Mota mai lafiya ta kan yi shekaru ba ta rasa abin da za a lura da shi ba. In gas ya ƙare cikin mako biyu, akwai ƙofar da ya ke fita, kuma duk wanda ya ɗura sabo bai toshe ƙofar ba, ya zuba ruwa ne a kwando, ya karɓi kuɗi.

Neman ƙofar ba wuya gare shi ba ga mai haƙuri. Akwai mai na musamman da ke tafiya tare da gas don ya jiƙa kwamfaresa, saboda haka duk inda gas ke fita ya kan bar danshin mai, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. A ƙasa mai ƙura irin tamu wannan alama ba ta ɓuya. A duba mahaɗar bututu, inda a ke sa zoben roba, a duba bakin kwamfaresa, a duba fuskar kwandensa, domin tsakuwar hanyar burji ta kan huda ta. Mai gyara na kirki ya kan cika bututun da iskar naitirojin ya shafa kumfar sabulu, ko ya zuba wani rini da ke haske in an haska shi da fitila ta musamman. Amma kada a yarda ko kaɗan a gwada da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin in ya haɗu da mai cikin matsi, fashewa ya ke yi.

Bayan an toshe, saura aiki biyu da masu gaggawa su ke tsallakewa. Na farko, a ɗaura famfon da ke zuƙe iska, ya yi aiki kamar rabin sa'a, don ya fitar da iska da laimar da suka shiga lokacin da bututu ya ke buɗe. Laima in ta zauna ciki, ta kan daskare ta toshe 'yar ƙofar nan mai matsi, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, ta kuma ci ƙarfe daga ciki. Na biyu, a auna gas bisa sikeli. Kowace mota tana da 'yar takarda liƙe a ƙarƙashin bonet, an rubuta irin gas ɗinta da nauyin da ta ke ɗauka, galibin ƙananan motoci tsakanin giram 400 ne da 800. Yawancinmu mun saba ganin mai gyara yana ɗurawa yana taɓa bututu da bayan hannu, in ya ji sanyi ya ce ya isa. Wannan kirdado ne. Gas in ya yi yawa sanyi raguwa ya ke yi, kwamfaresa kuma ta wahala. In ya yi kaɗan mai ba ya zagayawa sosai, ta bushe ta ci kanta.

Irin gas ɗin ma abin lura ne. Tun da kamfanin Packard ya fara sa na'urar sanyi a mota a Amurka a 1939, R-12 a ke amfani da shi, har masana suka gano yana cinye rufin da Allah ya yi wa duniya a sama, wanda ke tare mugun hasken rana. Ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Mantiriyal na Kanada a 1987, kafin 1995 masu ƙera motoci sun koma R-134a. Shi ma daga baya aka ga yana ƙara ɗumamar duniya, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa shi cikin sababbin motoci daga 2017, aka koma wani mai suna R-1234yf, wanda ya fi tsada, yana kuma iya kama wuta kaɗan. Motocin da aka ƙera da shi sun fara isowa hannunmu. Kowane iri da man da ya dace da shi, ba a gauraya su. Muhimmin abu dai, kada a bari a ɗura wa mota gas ɗin firjin gida na zamani, R-600a, domin ɗan uwan gas ɗin girki ne, bututunsa kuwa yana ratsawa ta gaban ƙafafun direba. Akwai kuma jabu. A 2011 waɗansu manyan akwatunan sanyi na jiragen ruwa suka fashe a Biyetnam da Barazil, mutum uku suka rasu, bincike ya nuna an ɗura musu jabun R-134a ne da aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam. Kwamfaresar motarka ma da alminiyam aka yi ta. In mai gyara ya ce yana da na tsada yana da na araha, a tuna araha ba ta ado, a nemi ganin tulun da rubutun jikinsa.

Ba kullum ne laifin ya ke ga gas ba, sau da yawa ma ƙura ce kawai. Hazon hunturu, da ƙaiƙayin kaka, da tunkuwar ciyawa su kan cushe tsakanin kwandensa da lagireto har iska ta kasa ratsawa. Alamar wannan, ko mutuwar fankar gaba, ita ce mota ta yi sanyi in tana gudu bisa hanyar Dambatta, amma da an tsaya a cikin gari sai ta koma hura zafi. A wanke da ruwa mai taushi, ba da irin famfon masu wankin mota mai ƙarfin nan ba, don yana lanƙwasa 'yan siraran haƙarƙarin kwandensa. Akwai kuma filta a bayan akwatin da ke gaban fasinja, wadda mutane da yawa ba su san da zamanta ba. Mun taɓa ganin an zaro wata kamar an tono ta daga kushewa. Mai bin hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa ya kamata ya duba tasa a ƙarshen kowane hunturu, in ta toshe ya sake. Da hannu a ke zaro ta a yawancin motoci, ba sai an kira kowa ba.

Wani abu guda da mu ke roƙon malamai su ƙi shi ƙememe shi ne abin da masu wayarin ke kira haɗa dairek. Akwai makunni a jikin bututu da ke auna matsin gas, in ya yi ƙasa ainun ko ya yi sama ainun sai ya kashe kwamfaresa don ya cece ta. Mai gyara mai son ya sallame ka da wuri ya kan ɗauko guntuwar waya ya tsallake makunnin, kwamfaresa ta tashi, ka yi murna ka biya. Ya kori mai gadi ne don mai gadi ya yi ihun ɓarawo. In kwamfaresa ta ci kanta, garin ƙarfenta ya kan bazu cikin bututu duka, sai an wanke su, an sake kwandensa da gwangwanin laima, kuɗin kuwa ya kan lashe albashin wata har ya nemi ƙari.

Cikin ɗari ma a riƙa kunna ta kamar minti goma kowane mako, don mai ya zagaya, robobi kada su bushe. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota in esi tana aiki lafiya ce. In ya daina ɗiga a waje ya koma jiƙa kafet, 'yar tiyon da ke zubar da shi ce ta toshe.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mun san malamai da dama sun rufe esi don tsimi. Gaskiya ne tana ƙara shan mai, musamman a cikin gari. Amma bisa doguwar hanya, gilasai a buɗe su ma suna riƙe mota, bambancin ya kan ragu, ga ƙura, ga gajiyar da ke kawo gyangyaɗi. Wanda ya ajiye mota a rana, ya fara buɗe gilasai zafin ciki ya fita kafin ya kunna. Zafin cikin rufaffiyar mota a bazararmu yana iya haura digiri 60, don haka ba a barin yaro ciki ko da na shiga kanti a fito ne. Kuma ba a kwanciya cikin mota inji na aiki a rufaffen gareji don shan sanyi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, barci ta ke sa mutum, ba ya kuwa farkawa.

Maɓallan Da Aka Ce Na Turawa Ne

Yanzu mu komo ga maɓallan sitiyari. Aikinsu riƙe gudu. In direba ya kai gudun da ya ke so, ya danna, sai mota ta riƙe wannan gudu da kanta, ya ɗauke ƙafa daga totur, ta hau tudu ta gangara ba ta sake ba. Wanda ya ƙago na'urar wani injiniya ne Ba'amurke, Ralph Teetor, makaho ne kuwa tun yana ɗan shekara biyar. An yi masa rajistar ƙirƙirarsa a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a mota a 1958. Mu kan ba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai labarinsa in maganar koyar da makafi ta taso. Kada a rikita ta da na'urar ƙayyade gudu da Hukumar Kiyaye Haɗura ta tilasta wa motocin haya tun 2017: waccan hana mota wuce iyaka ta ke yi, wannan kuwa ba ta hana kome, abin da ka ba ta shi ta ke riƙewa.

Maɓallan ba su da yawa. Akwai na kunnawa da kashewa. Mai rubutun SET shi ke kama gudun da a ke ciki, mai RES ya komar da mota ga gudun da aka kama a baya, mai CANCEL ya saki. A yawancin motoci ba ta kamawa sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a sa'a, saboda haka wanda ya gwada a cikin gari ya ga ba ta yi ba, kada ya ce ta mutu.

In ta ƙi aiki bisa hanya, a fara da mai sauƙi. A duba fis. A sa yaro ya tsaya bayan mota a taka birki, ya faɗi ko fitilun birki duka suna kamawa, domin waɗansu motoci ba su yarda su riƙe gudu in ƙwan fitilar birki ya mutu. A duba allon gaba, in fitilar gargaɗin inji ko ta birki tana kunne, kwamfutar mota ta kan janye wannan aiki har a gyara abin da ta ke kuka da shi. Sa'an nan a leƙa saman abin taka birki. Akwai wani ɗan makunni a wurin, shi ke gaya wa kwamfuta an taka birki, ita kuwa ta saki totur nan take. Sau da yawa hanya biyu ce a cikinsa, ɗaya ta fitila, ɗaya ta kwamfuta, don haka fitila tana iya kamawa alhali ɗaya hanyar ta mutu. A motocin Honda da waɗansu irinsu akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga da makunnin ke dogara a kanta. In zafi ya gasa ta ta farfashe, sai fitilun birki su ƙi mutuwa, batir ya kwana yana tsiyaya, riƙe gudu kuma ya ƙi kamawa. Wanda ya tsinci ɓarɓashin roba bisa kafet ƙarƙashin ƙafarsa, ya gano ɓarawonsa. Mota mai giyar hannu tana da irin wannan makunni a kuloci ma.

Su kansu maɓallan, a motoci da yawa waya biyu kaɗai su ke tarayya a kai, kowane maɓalli da gwargwadon wutar da ya ke bari ta wuce, da haka kwamfuta ke gane wanda aka danna. In ƙura da gumin hannu suka shiga suka yi tsatsa, gwargwadon ya kan sauya, ka danna wannan kwamfuta ta ji wancan, ko ta ƙi ji sam. Mai wayarin da ya san aikinsa mita ya ke ɗaukowa ya auna kowane maɓalli, ya wanke da maganin fesawa da aka yi don wayoyi. Fetur da baƙin mai ba su da wuri a nan.

To, ga maganar jan maɓallin hedimasta. Sitiyari juyawa ya ke yi, wayoyi kuwa ba su son murɗa. Don haka aka naɗe wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset cikin wani faifai a bayan sitiyari, tana warwarewa tana naɗewa in an juya. Ta cikinta wutar oda ke bi, da ta maɓallan riƙe gudu, da ta jakar iskar nan da ke fashewa ta tare ƙirjin direba in an yi karo. In ta tsinke, ko don tsufa, ko don an kwance sitiyari an mayar ba a daidaita tsakiyarta ba, sau da yawa ukun nan tare su ke mutuwa. Oda ita a ke fara lura da ita, tun da ba a tuƙi a ƙasar nan ba oda. Sai a je wurin mai wayarin, ya ja sabuwar waya ya liƙa jan maɓalli, a rabu lafiya. Fitilar gargaɗin jakar iska kuwa, in ta dami mai saye, akwai masu cire ƙwanta tun kafin mota ta bar hannun dillali. Ga yadda za ka gane: in ka murɗa makulli kafin ka ta da inji, fitilar nan dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an rufe mata baki ne. Muka sa hedimasta ya murɗa makulli a gabanmu, ba ta kama ba. Shekara biyu ke nan yana ɗaukar iyalinsa zuwa Kano yana zaton akwai jaka a gabansa.

Wannan gyara ba na gida ba ne. Jakar iska da wani abu mai kama da albarushi ta ke tashi. Kafin a taɓa sitiyari sai an cire kan batir an jira aƙalla minti ɗaya da rabi, waɗansu kamfanoni ma sun ce fiye, don wutar da ta saura ta tsiyaye. Ba a sa mita ko fitilar gwaji a wayoyinta, waɗanda galibi rawaya ne, kuma in an ciro ta a ajiye ta fuskarta na kallon sama. Faifan kuwa ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai a tafi da lambar tsohon, don masu kama da juna suna da yawa. Muna ganin da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko jami'ar fasaha da aka kafa a Babura a 2021, za su riƙa shirya wa masu wayarin na garuruwanmu 'yan kwasa-kwasai na mako biyu ko uku cikin harshen Hausa, da an huta da jan maɓalli. Yaran nan suna da hannu da basira, karatun mita ne ba wanda ya zauna ya koya musu.

Kada wani ya ce ɗan makunni ai ba abin tsoro ba ne. Tsakanin 1999 da 2009 kamfanin Ford ya yi kiran motoci fiye da miliyan 14 a dawo da su gyara saboda makunni ɗaya tak na sakin riƙe gudu. An ɗaura shi ne a jikin tukunyar man birki, wuta kuwa tana cikinsa ko an kashe mota. In man birki ya tsattsafa ya shiga ɓangaren wayarsa, sai ya yi zafi ya kama wuta, motoci suka riƙa ƙonewa a ajiye cikin dare, har da gidajen masu su. Motocin da abin ya shafa ƙirar 1992 zuwa 2004 ne, cikinsu har da Explorer da bas ɗin Econoline, irin waɗanda har yanzu a kan gani bisa hanyoyinmu. Mai irinsu ya sa a duba ko an yi wa tasa gyaran, watau an sa wa wayar makunnin fis nata na kanta, ya kuma duba ko akwai danshin mai a bakin makunnin.

Saura tambayar da hedimasta ya yi mana da kansa: in an gyara, ina za a yi amfani da ita? Mun ce masa wurarenta kaɗan ne a ƙasarmu. An yi ta ne don miƙaƙƙiyar hanya wadda ba mai ratsa ta. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi Dambatta da Kazaure ta nufi Daura tana da wuraren da za a iya, da rana, in hanya ta yi sarari. Amma ba a shiga gari da ita, ba a kusantar kasuwa ranar cinta, ba a kunna ta cikin ruwan sama ko hazo mai kauri, ko da dare, ko a kwanonin da ke tsakanin duwatsun Roni, ko inda garken shanu ke ƙetarawa. Na'urar irin ta dā ba ta da ido, ba ta san akuya ba, ba ta san amalanke ba. Ƙafar da aka ɗauke daga totur a ajiye ta kusa da birki, ba a naɗe ta bisa kujera ba. Wanda kuma ya ji barci na fizgarsa, wannan ce na'ura ta ƙarshe da zai taɓa.

A lura da allon gudu kuma. Motocin Amurka manyan lambobinsu mil ne, ba kilomita ba. Mil 50 shi ne kilomita 80, mil 60 kilomita 97, mil 70 kuwa 113. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 bisa babbar hanya, 100 bisa tagwayen hanya irin ta gudu. Malamin da ya kama allura a kan 80 yana zaton yana cikin doka, alhali mil ne, kusan kilomita 130 ya ke yi.

Hedimasta dai ya kai motarsa. Ƙofar gas ɗin zoben roba ɗaya ce a mahaɗar bututun kwandensa, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Aka sake faifan sitiyari, aka mayar da ƙwan fitilar gargaɗi, aka ɓamɓare jan maɓalli. Ranar da ya karɓo ta muka fita tare bayan gari, inda hanya ta miƙe ba kowa, ya kai kilomita 60, ya danna SET, ya ɗauke ƙafa. Muka ce ya ɗan taɓa birki da yatsan ƙafa, ta saki nan da nan. Ya sake kamawa ya danna CANCEL, ta saki. Ya sake kamawa ya kashe ta da babban maɓallin, ta saki. Duk wanda aka gyara wa tasa ya yi gwajin nan uku kafin ya biya, in ko ɗaya ya ƙi, ya kashe na'urar ya juya ya mayar wa mai gyara.